Leɓe ya mutu, jijiyar haƙori tana nan da ranta

Abin da aikin cire jijiyar haƙori ke fara koya wa likita shi ne kada ya yarda da leɓe. Majinyaci ya zo da turmin ƙasa da ya hana shi barci kwana uku, an yi masa allurar kashe babbar jijiyar muƙamuƙi, bayan minti biyar ya ce, "Likita, leɓena ya yi nauyi." Ana ɗora inji, ana isa kusa da jijiya, sai ya zabura ya damƙe hannun kujera. Allurar ta sami inda aka nufa. Jijiyar haƙorin da ta kumbura ce ba ta jin magani kamar lafiyayya, don kumburi yana ƙara mata wasu ƙofofin sodiyam, waɗanda da su jijiya ke aika saƙon zafi, masu taurin kai ga lidokain, wato maganin kashe zafin da ke cikin allurar, sinadaran kumburin kuma suna sa ta farka da taɓi kaɗan. Ga tsoro da rashin barci sun riga sun cinye juriyar mutum.

Saboda haka tun kafin allura ake fara shiri. Ibufurofen miligiram 400 zuwa 600, awa ɗaya kafin aiki, yana taimakawa, amma ban da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu. Allura takan shiga kamar milimita 20 zuwa 25 kafin ta taɓa ƙashi. A ja sirinji baya a duba ko jini ya shigo, sannan a tura maganin sannu, kwalba guda cikin minti ɗaya. Kwalbar lidokain kashi 2 cikin ɗari mai mililita 1.8 tana ɗauke da miligiram 36. A riƙa ƙirga su, kada a haura miligiram 7 a kowane kilo na nauyin majinyaci idan da adirenalin, sinadarin da ake haɗawa da maganin don ya daɗe yana aiki.

Sai haƙuri, wanda shi ne ya fi wuya ranar da layi ya yi tsawo. Leɓe yakan riga haƙori mutuwa, haƙorin kuwa yakan kai minti 15. A fesa maganin da ke sanyaya haƙori a ɗan curin auduga, a ɗora a kan haƙorin. In majinyaci ya ji sanyin, kada a taɓa inji. In leɓen ne ma bai mutu ba, an kuskure jijiyar, a sake allurar.

In leɓe ya mutu amma haƙori na jin sanyi, sai ƙari. Mafi sauƙi shi ne kwalba guda ta atikain kashi 4 cikin ɗari, wani maganin kashe zafin, a dasashi ta ɓangaren kunci, daidai saiwar haƙorin, a jira minti biyar. In bai isa ba, a soka gajeriyar allura tsakanin haƙori da dasashi, mililita 0.2 ga kowace saiwa. Dole hannu ya ji turjiya, in maganin ya zube cikin baki an yi aikin banza. Allurar cikin ƙashi, irin ta na'urar Stabident ko X-Tip, ta fi su ƙarfi, sai dai adirenalin yakan sa zuciya bugu da sauri na 'yan mintuna. A sanar da majinyaci tukuna, mai ciwon zuciya kuwa a ba shi mefibakain kashi 3 marar adirenalin. Inda mugunya ta taru ba a soka allura.

Allurar cikin jijiyar haƙorin kanta ita ce ta ƙarshe, kuma tana da zafi ƙwarai na daƙiƙu kaɗan, don haka a faɗa masa gaskiya kafin a yi. Matsi ne ke aikin, shi ya sa ake barin hudar da aka yi wa haƙorin ƙarama yadda allura za ta cika ta. In an riga an faɗaɗa, a toshe gefenta da auduga ko a cusa allurar cikin ramin saiwa har ta matse. Aikinta ba ya wuce minti 15 zuwa 20, sai a hanzarta cire jijiyar.