Fulin da ba noti ke riƙe da shi ba

Motata Chevrolet Tahoe ce ta 2004, mai injin 5.3, wadda na saya a hannun wani yayana da ya gaji da yawan man da take sha. Wajen ƙarshen damina famfon sitiyarinta ya fara kuka, musamman in na murɗa sitiyarin har ƙarshe, ga jan mai yana ɗiga a tsakar gida kowace safiya. Na samo wani famfon na Beljiyom a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, sai dai babu fuli a jikinsa, wato faifan nan da bel ke juyawa. Na ce ai da sauƙi, sai in ciro na tsohon in saka.

Na saba da Toyota, inda noti ɗaya ke riƙe da fulin, ka kwance shi ka zare. Da na buɗe bonet na sassauta bel da sifana mai lamba 15, na leƙa tsakiyar fulin, ban ga noti ba. Rami ne kawai a kan sandar famfon. A yawancin motocin Amurka, dannawa ake yi a cusa fulin a kan sandar da ƙarfi, matsewar ce kaɗai ke riƙe da shi. Kuma a wannan injin ba ka isa ga ƙusoshin da suka ɗaure famfon ta gaba ba sai fulin ya fita, domin a bayansa suke.

Nan na yi wautar farko. Ina da abin zaro boris mai ƙafa uku, na maƙala shi a gefen fulin na yi ta ɗaurewa. Fulin bai motsa ba, bakinsa ne ya lanƙwashe kamar murfin tukunyar da aka taka. Sai da na sake komawa kasuwa neman wani.

Da na ba wani dattijon bakanike na unguwarmu labari, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai ba a kama shi ta kunne, ta wuya ake kamawa." Ya ɗauko mini wani ƙaramin akwati, ya ce in dawo masa da shi kafin magariba.

Abin da yake nufi da wuya shi ne wani ɗan tudu mai tsagi a tsakiyar fulin. A cikin akwatin akwai ƙarfe biyu kamar an raba zobe gida biyu. Su ne ke rungumar tsagin, sai ka zura wani zoben a kansu don kada su buɗe. Dogon bol yana ratsa tsakiya ya tokare kan sandar. Ka shafa masa giris, ka riƙe jikin abin zaron da sifana ɗaya, ka juya bol ɗin da ɗaya. Da farko kamar ba zai yi ba, har na fara tsoron zaren bol ɗin zai cinye. Can sai na ji "ƙas", daga nan ya riƙa fitowa a hankali. Sai da na cire rabin murfin fanka na sama kafin hannuna ya sami wurin juyawa, kuma duk da haka na bar fatar yatsu biyu a wajen.

Mayarwa ta fi cirewa haɗari, don nan ne hannu ke neman guduma. Dattijon ya ja kunnena: duk dukan da ka yi wa fulin, kayan cikin famfon ne ke shan sa, sai ka kashe famfon tun bai fara aiki ba. Ramin nan na kan sandar yana da zare a ciki, na inci ne, 3/8-16. A akwatin akwai bol-bol masu zaren milimita da suka yi kama da shi, kuma na kusa cusa ɗaya da ƙarfi. Ka murɗa wanda ya dace da hannu har ya zauna, ka goge sandar, ka ɗora fulin a miƙe, sai washa da noti. Notin kake juyawa, shi ke tura fulin ciki.

Wauta ta biyu gajiya ce ta jawo ta. Ya kamata fuskar wuyan fulin ta yi daidai da kan sandar, in ka shafa da yatsa ka ji bai ɗaya. Ni na tsaya saura kamar milimita 2, na ce ya isa. Na zuba mai, na ɗaga ƙafafun gaba da jak, na yi ta murɗa sitiyari hagu da dama injin a kashe har kumfa ta daina fitowa. Kwana uku bayan haka sai ga wata 'yar ƙara kamar ta tsuntsu, gefen bel ɗin kuma ya fara zare-zare, saboda ya kauce wa layin sauran fulolin.

Na koma wurin dattijon da sabon bel a hannu. Bai ce komai ba, ya ɗora ƙarfen awo a fuskar fulin, ya nuna mini giɓin da farcensa, sannan ya sake miƙo mini akwatin.