Tudun Sarauniya a garin Newark

Daga tashar King's Cross ta Landan jirgin ƙasa ya sauke ni a Newark, ana yayyafi irin na Ingila wanda ba ya jiƙa mutum sai a hankali. Na wuce rusasshiyar fadar dutse da ke bakin kogin Trent ban tsaya ba, don abin da ya kawo ni tarin ƙasa ne a kudancin gari, kusa da ƙaramin kogin Devon.

Queen's Sconce suke ce masa, wato ƙaramin sansanin Sarauniya, don girmama Henrietta Maria, matar Sarki Charles na ɗaya. Daga nesa sai ka ɗauka tudu ne da ciyawa ta rufe, mutane na yawo da karnukansu a gefensa. Sai da na haye gadar da ke kan gwalalon na hau sama na gane siffarsa. Kusurwa huɗu gare shi, kowace ta tsiro waje kamar bakin mashi, yadda duk wanda ya sauka gwalalo zai sha wuta daga gefe biyu. A can aka girke igwogi. Mutanen sarki ne suka yi shi don kare garin a lokacin yaƙin basasar Ingila, kuma da ƙasa suka yi shi saboda harsashin igwa kan farfasa dutse, ƙasa kuwa haɗiye shi take yi. Ni da na tashi ina hawan ganuwar Kano, ban ji baƙunta ba, sai dai tasu an killace ta, babu mai ɗibar ƙasarta ya yi tubali.

Newark ta tsaya wa sarki a yaƙin basasar da ya ɓarke a 1642 tsakaninsa da Majalisa. Sau uku aka yi mata ƙawanya. Ta ƙarshe ta fi tsanani, daga Nuwamban 1645 zuwa Mayun 1646, da sojojin Sikotland a cikin masu ƙawanyar. Annoba ta shiga gari, kuɗi suka ƙare har aka yanyanka kwanukan azurfa aka buga sulalla masu kusurwa huɗu. Ba a ci garin da yaƙi ba. Sarkin ne ya miƙa kansa ga 'yan Sikotland a Southwell, sannan ya ba da umarnin a buɗe ƙofa.

Akwai ɗan'uwan wannan tudu, King's Sconce, a arewacin gari, amma tuni aka baje shi. Na sauko takalmina duk taɓo, na nemi wurin shan shayi.