Zaure ya tashi, ga godiyata

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi. Jiya bayan la'asar aka shafa fatiha a sabon zaure, aka ci tuwo, kowa ya kama gabansa. Yau na tashi kamar an daka ni a turmi, murya ta dushe, amma na ce ba zan shiga azumi da bashin godiya a wuyana ba. Wata shida ke nan tun daren da bangon gabas na tsohon zaurenmu na ƙasa ya rushe. Yawancinku kun bi komai tun daga ranar, don haka ba zan maimaita zancen asibiti ba, ko na kwashe ƙasa, ko na masu bi na bashi.

Abu ɗaya ne ban taɓa faɗa muku ba, saboda duk lokacin da na ɗauko shi sai maƙogwaro ya toshe. A daren nan na Agustan 2024, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, da na ji rugugin na fito da gudu, ko tunanin kayan da ke ciki bai zo mini ba. Ɗan yayata da ke koyon aikin fenti da ƙawata gida a hannuna a zauren yake kwana, ni na ce ya riƙa kwana can yana gadin kayan mutane. Na haska tocila, babu ƙofa, babu inda tabarmarsa take, sai tulin jar ƙasa da ɓaraguzan siminti. Na kira sunansa ya fi sau goma. Shiru. Gwiwata ta yi sanyi na durƙusa cikin taɓo, abin da kawai ke yawo a kaina shi ne da wane baki zan tunkari uwarsa. Maƙwabcina na kudu ne ya dafa ni ya ce, "Yi shiru, yi shiru mana!" Can ƙasa-ƙasa muka ji wata 'yar murya tana cewa, "Kawu, ina nan. Kawu, ƙafata."

Azara uku ne suka faɗo a karkace, kansu ɗaya a ƙasa, ɗayan ya tokare da bangon arewa, suka yi masa rumfa. Azarar da kakanmu ya ɗora tun ba a haifi mahaifina ba, wadda na ɓoye a bayan silin POP don ina ganin ta tsufa, tana ba ni kunya a gaban masu kawo aiki. Da hannu muka tone shi, don maƙwabcin nan ya hana a sa fartanya. Yau yaron yana takawa da ƙafarsa, jiya ma shi ya riƙa zagayawa da butar wanke hannu. Ya Allah, ban san da me zan gode maka ba.

Al'adarmu ba a kiran sunan wanda ya yi alheri, a bar shi da ladansa. Zan kiyaye sunaye, amma wasu sai sun yi haƙuri, zan nuna su da yatsa yadda duk ɗan garin nan zai gane.

Na farko Baba magini. Duk wanda ya san ni ya san ban kyauta wa tsohon nan ba. A 2021, da aiki ya fara buɗe mini, ana kirana fenti da silin da zanen bango daga Taura har Ringim, sai na ga zauren gado bai dace da mai sana'ar ƙawata gida ba. Na ce zan yi masa filasta da siminti ciki da waje, in sa POP, in shafa fenti mai sheƙi, duk mai son aiki ya zo ya ga samfuri. Baba ya zo wucewa ya tarar ana kwaɓa siminti. Ya tsaya ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗan nan, ƙasa numfashi take yi. In ka toshe mata hanci za ta ruɓe a tsaye." Na yi dariya na ce, "Baba, zamani ya wuce nan." A gaban yarana na faɗa. Daga ranar bai sake tanka mini kan gini ba, ni kuma na daina kiransa aiki.

Da ambaliyar 2022 ta zo, wadda ta ci gidaje a Ringim da Kafin Hausa da Auyo da sauran garuruwan bakin Kogin Haɗejia, zaurena ko gezau, sai kaina ya ƙara girma. Ashe tun lokacin cikin bangon ya sha ruwa. Siminti ba ya kama jikin ƙasa, manne kawai yake yi. Ƙasa tana kumbura da damina ta tsuke da rani, shi kuwa ba ya motsi, sai ya tsage. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to nawa ruwa ne ya shiga, ta sama wajen indararo, ta ƙasa kuma danshi na hawa daga gindi. Da yaɓen ƙasa ne, rana biyu ta isa ta busar da shi. Amma ɓawon siminti ya tsare danshin a ciki, tubali ya yi ta narkewa, fuska kuma tana sheƙi. Silin ɗin ya hana ni ganin yoyon da ke bin azara. Kuma damina uku ban hau soro na share indararo ba, abin da mahaifina ba ya bari ruwan farko ya sauka bai yi ba. Akwai ranar da na ƙwanƙwasa bangon na ji yana amsawa kamar ganga. Na ce sai bayan damina.

Kwana biyu da rushewar, da sassafe, na fito na tarar da Baba tsugune a kan tulin ƙasar yana murza ta a tafin hannu yana shinshinawa. Na gaishe shi kaina a ƙasa, ina jiran maganar da na cancanta. Sai ya ce, "Ƙasar kakanka ce, mai kyau ce, kada ka bari a kwashe ta a cike rami. A tsince simintin kawai. Bayan an gama girbi za mu tayar." Shi ke nan abin da ya faɗa. Har jiya da aka yi addu'a, wata shida muna tare, tsohon nan bai taɓa cewa "ai na gaya maka" ba. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

A wajensa na sake koyon sana'ar da nake taƙama da ita. Yadda ake jiƙa ƙasa a zuba ciyawa a tattake, a bar ta ta kwana ta kwana har ta yi danƙo. Yadda ake mulmula tubali mai gindi da tsinin kai, a shanya shi kusan mako biyu, ba a gaggawa. Bango ya yi kauri a gindi ya riƙa sirancewa yana hawa. Azara ta giginya namiji ce ake nema, gara ba ta cin ta, amma ba a sa ta ta tsallaka fiye da kamu huɗu ko biyar ba tare da an tallafe ta ba, shi ya sa ake ɗaurin guga, ana turo ta hawa-hawa daga bango har baka ya haɗe a tsakiya. Ranar da ya haɗe bakan, yana sama, ni ina ƙasa ina miƙa masa curin ƙasa kamar yaron da aka kawo koyo jiya, hannuna ya tsattsage da hunturu, ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba. Na sha yi wa mutane burga da Gidan Makama da Gidan Rumfa, da bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya tun wajajen 1830, ina cewa ginin ƙasa ba ya mutuwa. Ban taɓa tsayawa na lissafa hannuwa nawa suka yi ta yaɓe da gyara shekara bayan shekara ba. Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya gina maka gida a Aljanna wanda ba ya buƙatar yaɓe.

Ta biyu Hajiya, uwar amarya. Kun san kayan ɗakin 'yarta ne a zauren: kabad, gado, katifa, setin tangaran, kuloli, da labulen da maiɗakina ta gama ɗinkawa da yadin da muka ɗauko a Kantin Kwari. Saura kwana goma sha biyu a kai amarya. Kayan da mace ta yi shekaru tana tarawa da adashi da kuɗin awaki. Na je gidanta na kasa shiga, na tsaya a ƙofar gida ina juya hula a hannu. Ta fito da kanta, kafin in buɗe baki ta ce, "Yaron ya farfaɗo?" Na ce ya farfaɗo, Hajiya. Ta ce, "To alhamdu lillahi. Kwano ai a kasuwa ake sayar da shi. Je ka ji da mara lafiya." Daga baya da na kawo abin da na haɗa, rabi ta karɓa, shi ma sai da Liman ya sa baki. Hajiya, na san za ki yi faɗa da aka karanta miki wannan. Ki yafe ni. Allah ya ba 'yarki zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya mayar miki da ninkin abin da kika bari.

Laifin ajiye kayan nan ma nawa ne. Aiki ya yi mini yawa, ina karɓar kafin alƙalami daga mutum biyar a lokaci guda, in ɗauki kuɗin wannan in sayo fentin wancan a Ƙofar Ruwa, babu littafi, komai a ka. Da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, ayyukan da na yi ciniki tun kafin tashin farashi suka koma ci na, ni kuma kunya ta hana ni komawa in ce a ƙara. Sai na riƙa karɓar sabon aiki don in rufe ramin tsoho, har da ajiyar kayan amare don kada aikin jere ya kuɓuce mana. Da bango ya faɗi, lissafin ma ya faɗi tare da shi. Maiɗakina ce ta sayo littafi mai layi a kasuwar Gujungu ranar wata Lahadi, ta zaunar da ni muka rubuta kowa da abin da yake bi na. Da na ga jimillar sai da na nemi ruwa na sha. Ita ta sayar da ɗan kunnenta ba ta gaya mini ba, a bakin ƙanwarta na ji. Ba zan ce komai a kanta a nan ba, ta san sauran.

Matan unguwarmu da suka yi ta tara ɓawon ɗorawa suna jiƙawa har muka sami makubar yaɓe da ta daɓe, suka kuma zo da madaɓansu suka daɓe ƙasan zauren suna waƙa har ya yi santsi, Allah ya biya ku. Samarin da suka yi gayyar tubali ranar Juma'a biyu a jere ba su karɓi ko sisi ba sai kunu. Mai amalanken shanu da ya yi sawu ya fi ashirin daga kududdufi. Abokina marini a birnin Kano da ya aiko da katsi, wato gurɗin da ke kwanciya a ƙasan ramin rini, da majemin da ya haɗo da gashin jima, muka samo tsiron dafara mai danƙo aka haɗa laso, shafen da ke hana ruwa shiga, aka shafe rufin da zankwaye. Mai Unguwa da ya tsaya tsakanina da masu bashi ya ce a ba ni zuwa kaka. Ma'aikaciyar jinyar da ta riƙa ce wa yaron "jarumi" duk lokacin wankin ciwo. Direban da ya kai mu cikin dare a kan hanyar da ruwa ya cinye, ya ƙi karɓar kuɗin mai. Yayata, uwar yaron, wadda har yau ba ta ɗaga ido ta dube ni da zargi ba, ta kuma mayar mini da shi bakin aiki da kanta. Yaya, na gode, na gode.

Wasu kuma na jini, da suke zuwa da Sallah su jera a ƙofar zauren nan a ɗauke su hoto da manyan riguna, na san birni akwai hidima, hanya kuma ba kyau. Ban riƙe kowa ba. Kawai dai daga Kano zuwa nan ba kwana ake yi a mota ba, kuma zauren na kakanmu ne mu duka. Ƙofa tana nan a buɗe, ta ma fi ta da faɗi.

Ya Allah, duk wanda ya taka ƙafarsa, ko ya aiko, ko ya kira, ko ya yi mana addu'a a ɓoye ba mu sani ba, ka saka masa da mafificin alheri. Ka rufa masa asiri duniya da lahira. Ka tsare gidansa daga ruwa da wuta da rushewa. Ka jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka gina suka bar mana. Waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu a Jigawa da ko'ina, da yawansu ba su sami ko kwatankwacin taimakon da na samu ba, ya Allah ka mayar musu da alheri, ka jiƙan waɗanda suka rasu. Ka kai mu Ramadan lafiya, ka karɓa mana. Amin summa amin.

Masu tambayar aiki, sai bayan Sallah in sha Allahu, kuma biyu kawai zan riƙa karɓa a lokaci guda. Wanda bangonsa na ƙasa ne yake son filastar siminti, ya yi haƙuri ya nemi wani. Zanen dagin da ke saman ƙofa bai gama bushewa ba, don Allah a hana yara taɓawa. Akwai kuma babbar tukunya ɗaya da tabarmi uku da aka bari jiya, ba mu san masu su ba, suna wajen maiɗakina.