Kafin ku kwaso fulawar bakin titi

Ranar Asabar na leƙa gidan ɗiyar yayana a unguwar Mabera, nan Sakkwato, ba ta daɗe da tarewa ba. Na tarar da baƙaƙen ledoji jere a jikin katanga, wardi ne da wasu furanni masu laushin ganye. Ga shi muna tsakiyar Maris. Ta ce, "Gwaggo, duk daga Jos aka kawo su, mai su ya ce shekara da shekaru za su yi suna fure." Na ce, "Ɗiyata, ya faɗa miki a wace ƙasa za su yi shekarun?" Ta yi dariya, ta ci gaba da ɗaukarsu hoto. Raina ya ɓaci, domin abin da na yi ke nan, nawa ma ya fi muni.

Lokacin da aka kawo ni gidan mijina, akwai lalle da karya a tsakar gidan, mahaifiyarsa ce ta dasa su da hannunta. Lallen idan ya yi fure, ƙamshinsa har zaure. Karyar kuwa sai ta zubar da ganye a rani sannan ta cika da jan fure, alhali ba mai ba ta ruwa. Ni a idona kayan ƙauye ne. Na yi karatu a Jos, na saba ganin wardi a ƙofar gidaje, na ƙudurta sai na yi irinsa a Sakkwato. Na sa aka sare su. Inna ba ta ce mini uffan ba, ta dai tsaya tana kallon kututturen, ta koma ɗaki. Har ta rasu ban roƙe ta gafara a kan wannan ba, abin yana ci mini rai har yau.

Amma a yi mini adalci. Yarinya ce ni, baƙuwa a gidan, ina son wani abu da zan ce nawa ne. Kuma ba wanda ya zaunar da ni ya ce Jos tana kan tudu mai tsawon fiye da mita 1,200, sanyinta daban, ƙasarta daban, mu kuwa a Afrilu zafi yana wuce digiri 40, ruwan sama kuma daga Yuni zuwa Satumba ne, shi ke nan. To ko an faɗa mini, da na ji? Ban sani ba. Wataƙila da ban ji ba.

Na dasa wardin a bazara, domin a lokacin kuɗi suka shigo hannuna. Na tula ɗanyen kashin kaji a ramin, ya ƙone saiwoyin. Waɗanda suka tsira na riƙa sayen ruwan 'yan garuwa ina yi musu ban-ruwa da tsakar rana, wai don na ga sun yi yaushi, rabin ruwan ya bi iska, rabi yashi ya shanye. Kuɗin cefane ya shiga ciki, har muka yi cacar baki da maigida. Sauran kuma gara ta bi ta ƙasa ta gama da su. Da na dawo hankalina na samo reshen karya na dasa, ita ma na kashe ta da yawan ruwa, gindinta ya ruɓe, domin ita a jikinta take ajiye ruwanta.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari masu yawa, amma na san yaran yanzu, ba za ku karanta ba. Kome sai dai a waya, ku ga lambun wata a Turai ku ce irinsa kuke so, ba ku san ko ƙasar gidanku yashi ce ko laka ba.

Kada ku dasa kome kafin damina ta zauna. Ku jira ƙarshen Yuni ko Yuli, saiwa ta kama ƙasa kafin iskar hunturu ta taso. Ku dasa abin da ya san rana: lalle, karya, bogambiliya. Ita bogambiliya, wato fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, idan ta kafu, rage mata ruwa ke sa ta fure, mai shagwaɓa ta da ruwa da taki ganye kawai zai samu. Taki kuma sai wanda ya daɗe ya ruɓe ya huce. Ban-ruwa da asuba ko bayan la'asar sakaliya. Ruwan alwala ya yi, ruwan wanki mai omo bai yi ba.

Wardi kuwa ku bar shi. To, idan zuciya ta nace, ku sayi ɗaya tak, ku fitar da shi daga baƙar leda, domin tana dafa saiwa, ku sa shi a tukunyar ƙasa inda rana za ta same shi da safe kaɗai. Ni ma ina da ɗaya, ba zan ɓoye ba.

Na ce a rage ruwa, amma ban da karya, dashen da bai cika shekara ba, idan kuka tsallake masa kwana biyu a Afrilu zai iya tafiya. Mai shirin tafiya hutu ya bar gida a kulle, kada ma ya fara. Kuma ku kula, ruwan jikin karya guba ne, da shi mutanen dā suke haɗa dafin kibiya, kada ku dasa ta inda yara ko awaki za su kai gare ta.

Ku rufe gindin shuka da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa don ƙasa ta riƙe laima. Sai dai wannan rufin shi ke kiran gara, don haka ni ganyen dogon yaro nake haɗawa da shi, ina barin tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da karan. Duk da haka ba a sakankancewa. Kowane mako ku durƙusa, ku ɗaga rufin da hannunku ku duba ƙarƙashinsa.