Rayuwata da Kifin Kaf, Kashi na 6: Tsohon Kifi Ya San Ƙugiya

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a inda na daina murnar ƙananan kifaye na koma bin manya, to yau sai mu ɗora daga nan.

Abu na farko da shekaru suka nuna min shi ne babban kaf, wato kifin tafki da Turawa ke kira carp, tsoho ne, ba wai ƙato kawai ba. Kifin nan yana haura shekara 20 a ruwa, wasu ma har sama da 40, kuma a tafkin da ake kamawa ana sakewa za ka tarar ƙugiya ta taɓa shiga bakinsa ba sau ɗaya ba, ya san ta sarai. Shi yasa nake dariya in naji matasa suna ta gardama kan wane haɗin abinci ne yafi ƙamshi, wallahi ba nan gizo ke saƙar ba.

Ku duba yadda yake cin abinci. Ba shi da haƙora a baki, haƙoransa can cikin maƙogwaro suke, sai ya zuƙo abu da laka da komai, ya juya shi, in bai yi masa ba ya feso shi waje kafin ka ƙifta ido. Lokacin da nake soke ƙwayar masara a jikin ƙugiya kai tsaye, na sha zama a bakin ruwa mai haske ina kallon ƙaton kifi ya zuƙa ya tofar ya wuce abinsa, zarena ko motsi bai yi ba. Wannan matsalar ce wasu masunta biyu a Ingila, Len Middleton da Kevin Maddocks, suka warware a ƙarshen shekarun 1970, suka daina sa abinci a ƙugiyar, suka rataye shi a ƙasanta da ɗan siririn zare, da gashin kai na gaske ma suka fara. Kifi ya zuƙi abinci ya ji ba ƙarfe, ƙugiya ta bi shi tsirara, yana ƙoƙarin tofarwa sai ta kama leɓensa na ƙasa. Tun da na koma wannan ɗaurin ban sake waiwayar tsohon ba.

Amma duk wannan banza ne in ka jefa inda babu kifi. Ni yanzu in na isa tafki ba na ko kwance kaya, sai na zaga tukuna, ina duba inda ƙananan kumfa ke tasowa a jere suna tafiya a hankali, wannan kaf ne ke tonon laka da bakinsa yana neman tsutsa da dodon koɗi, ina duba inda ruwa ya ɗan gurɓace ko ciyawa ke girgiza babu iska, sannan in ga ina iska ta dosa domin in iska mai ɗumi ta taso sukan bi ta zuwa gaɓar da take bugawa. Kuma abin mamaki manya na yawan kiwo dab da gaɓa, ƙarƙashin reshen bishiya, daidai inda mutane ke tsayawa suna wurga ƙugiyarsu can tsakiyar ruwa.

Sai maganar ji. Kaf na da wasu ƙananan ƙasusuwa da suka haɗa jakar iskar cikinsa da kunnensa, saboda haka takun ƙafa, ajiye bokiti da ƙarfi, buga turke, duk yana ji. Akwai wani abokin zamana, mutumin kirki ne amma kai, rediyo da tari da yawo sama da ƙasa, daga baya dole muka raba gaɓa.

Sanyi kuma in ya kama ruwa cinsu raguwa yake sosai, nan ba a zuba abinci da yawa, ɗan kaɗan ya isa.

Masu tambayata wai iya ina girmansa ke kaiwa, a 1952 Richard Walker ya kama mai kusan kilo 20 a tafkin Redmire na Ingila, da burodi fa, har gidan zu na Landan aka kai kifin mutane na zuwa kallo. A 2018 an kama wanda ya haura kilo 51 a ƙasar Hungary. Ni dai nawa bai je ko kusa da nan ba, amma yadda ya ja ni cikin ciyawa da tsakar dare da yadda muka ƙare da shi, labari ne mai tsawo, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.