Abin da `with` ke ɗauke maka, da abin da ya bar maka

Ƙannena masu koyon Python, duk abin da kuka buɗe a cikin shirinku, ku san wa zai rufe shi. Fayil ne, ko hanyar shiga rumbun bayanai, ko makulli irin na `threading.Lock`, mai hana sassan shiri biyu taɓa abu ɗaya a lokaci guda, duk hukuncinsu ɗaya. Ba sakaci kaɗai ke hana rufewa ba. Kana iya rubuta `f.close()` ƙarshen aikinka, kuskure ya taso a tsakiya, shirin ya tsallake ya fice, layin rufewar nan ko labari bai samu ba.

Na daɗe ban ɗauki wannan da muhimmanci ba, domin CPython, wato Python ɗin da kusan kowa ke saukewa, yana rufa wa mai koyo asiri. Da zarar babu sauran sunan da ke riƙe da fayil, sai ya rufe shi da kansa, kai kuma ka ɗauka gwaninta ce. Asirina ya tonu ne a kan wani ɗan shiri na haɗa sakamakon jarrabawa, inda nake buɗe fayil ɗin kowane ɗalibi ina zuba shi cikin jeri. A kwamfutata da 'yan fayilolin gwaji, lafiya lau. Da aka ba shi na makaranta gaba ɗaya sai ya tsaya cik, ya ce `Too many open files`. Galibin na'urorin Linux ba sa barin shiri guda ya riƙe fayiloli fiye da 1024 a buɗe, sai in an ɗaga iyakar.

Maganin ya daɗe a ƙasa. Tun Python 2.5 na shekarar 2006 aka shigo da `with`, bisa takardar shawarar gyaran Python mai lamba PEP 343 da Guido van Rossum da Nick Coghlan suka rubuta. In ka ce `with open("sakamako.csv") as f:`, Python zai kira `__enter__` na fayil ɗin, wato sashen shiryawa, kafin ya shiga aikin, ya kira `__exit__`, wato sashen rufewa, sa'ad da zai fita, ko an gama lafiya, ko kuskure ne ya koro shi, ko `return` ne. Sauran harsuna ma suna da nasu: `using` a C#, `defer` a Go, Java kuma ta samu irinsa a sigarta ta 7.

To, a nan ne na zarme. Da na ga daɗinsa sai na ɗauke shi kamar laya, duk inda na rataya shi na huta. Alhali wajen kwashewa, `with` ba ya yin komai sai abin da aka rubuta cikin `__exit__`.

Dubi wannan, mai shiga wata folda ya yi aiki ya dawo inda yake. `@contextmanager` ne ke sa a iya amfani da shi da `with`: abin da ke saman `yield` ya zama `__enter__`, na ƙasansa ya zama `__exit__`, aikin kuma ya gudana a gurbin `yield`:

```python
@contextmanager
def shiga(wuri):
    asali = os.getcwd()
    os.chdir(wuri)
    try:
        yield
    finally:
        os.chdir(asali)
```

Nawa na farko babu `try`, babu `finally`, wato sashen da ke gudana ko da kuskure ya auku. Na ga ai `yield` ne a tsakiya, shiri a sama, kwashewa a ƙasa, me ya rage? Ashe in kuskure ya auku a cikin aikin, a daidai kan `yield` ɗin nan ake jefo shi, duk abin da ke ƙasa ba za a taɓa shi ba. Shirina ya maƙale a foldar da ba tasa ba, ya ci gaba da zuba fayiloli a can, ni kuma ina ta nemansu a inda na saba. Daga Python 3.11 akwai `contextlib.chdir` da ke yin wannan aikin, amma ku rubuta naku ko sau ɗaya ne, ku jefa masa kuskure da gangan, ku ga ko zai dawo.

Wani tarkon kuma `return True` ne a ƙarshen `__exit__`. Na sa shi da nufin cewa an kwashe lafiya. A wurin Python ma'anarsa ita ce a haɗiye kuskuren kada kowa ya ji. Shirin da ya faɗi da ihu ya fi wanda ya yi shiru yana ba ka lissafin banza. In da gaske kana son kau da kai daga wani kuskure, ambaci sunansa da `contextlib.suppress`.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne `sqlite3`, wanda ake shiga rumbun bayanai da shi. Kowa zai zaci `with sqlite3.connect(...)` yana rufe hanyar shiga rumbun. Ba ya rufewa. Abin da yake yi shi ne ya tabbatar da canje-canjen in an gama lafiya, ko ya janye su in an samu kuskure, hanyar kuwa tana nan a buɗe. Sai ka naɗe ta da `contextlib.closing` ko ka rufe da hannunka. A rubuce yake cikin bayanan Python, ni ne ban karanta ba.

Saura abin da ya fi shafarmu, mu da ake ɗauke wa wuta babu sallama. `with` yana aiki ne muddin shirin na da rai. In batir ya mutu, ko janareta ya tsaya, ko aka kashe shirin da `kill -9`, umarnin da ke tsayar da shiri da ƙarfi nan take, babu `__exit__` da zai gudana. Kuma `open(suna, "w")` yana share abin da ke cikin fayil ne tun lokacin buɗewa, kafin ka rubuta ko harafi. Wuta ta tafi a wannan tsakanin, ka rasa tsohon, sabon bai samu ba. Don haka fayil ɗin da asararsa za ta sa ka kuka, kada ka rubuta a kansa kai tsaye. Rubuta cikin wani na wucin gadi a folda ɗaya da shi, ka kira `flush` da `os.fsync` don bayanan su sauka kan faifai, ka rufe, sannan ka sa `os.replace` ya ɗora shi a gurbin tsohon.