Ni da Shang Yang a bakin masauki

Daren jiya na iso gari a gajiye, na shiga wani masauki, yaron da ke kan tebur ya ce sai na nuna katin shaida. Na laluba aljihu, wayam! Na roƙa, na haɗa shi da Allah, ya ce: "Baba, ka yi haƙuri, doka ce."

A benci na kwana a tasha, sauro na shagali, ina tuna Shang Yang, wazirin ƙasar Qin a tsohuwar Sin. Shi ya kafa dokoki masu tsauri, har ya sa aka yanke hancin malamin yarima. Da maigidansa Sarki Xiao ya rasu a shekara ta 338 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yariman ya hau karaga, waziri ya ranta a na kare. Ya nemi makwanci, mai masauki ya ce dokar Shang ta hana saukar da baƙo marar takarda. Ƙarshe dai da kekunan doki aka yayyaga gawarsa, amma ba a soke dokokin ba, da su Qin ta haɗe Sin a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Katin nawa kuwa, yau da safe na tsince shi cikin hulata.